Sunan Yaron Ladi

Duk wanda ya zauna a Yerwa, babban birnin Barebari, a shekarun karɓar mulkin kai, in dai yana da hular da yake ji da ita, to ya san Malam Inuwa mai wankin hula. Rumfarsa tana gefen Kasuwar Litinin, ƙarƙashin wata darbejiya, kusa da inda 'yan kasuwa suke jingine kekunansu. Bakano ne. Ya iso garin shi da matarsa Saude da niyyar cin rani ɗaya, sai ya tarar Barebari mutane ne da za su yarda su wuni da yunwa amma ba za su yarda su fita da hula mai dauɗa ba. Ya ce to, ashe nan arzikinsa yake jiran sa. Ya kama ɗaki a unguwar Hausari, ɗaki ya zama biyu, a kwana a tashi gidan ya zama nasa.

Aikin ba wuyar kallo, yin sa ne sai mai shi. Kafin hantsi ya gama jiƙa hulunan. Sai ya bi kowace da sabulu da buroshi a hankali don kada zaren ɗinkin ya tashi, ya ɗauraye, ya tsoma a sitati, ya kifa ta a kan gunduwar itace daidai girman kan mai ita, ya bubbuga, ya jera a rana. In ka hango su daga nesa sai ka ce dattawa ne suka zauna sulhu. Tafin hannunsa ya yi fari saboda ruwa, bakinsa kuwa ba ya hutawa muddin hannun na aiki. Ya tsokani mai wucewa, ya tsokani mai jira, amma wanda ya fi shan tsiyarsa shi ne maƙwabcin rumfarsa Madu, Babarbare mai sayar da huluna. Kullum da safe Madu zai tarbe shi da "Wushe, Afuno," wato sannu Bahaushe da Barbarci, shi kuma Malam Inuwa ya ɗaga hannu sama ya roƙi Allah Ya shiryi mutanen da har yau ba su iya gaisuwa ba.

Sai dai duk surutun nan, akwai kalma guda da ba a taɓa jin ta a bakinsa ba, ita ce sunan ɗansa na fari, Ya'akubu. Kunyar ɗan fari ba baƙuwa ba ce, kowa ya tashi ya tarar da ita a gidansu, amma ta Malam Inuwa gishiri ya yi mata yawa. Ana yaye yaron a Kano, yayar Malam Inuwa mai suna Ladi ta ɗauke shi kamar yadda aka saba, tun daga ranar ya zama "yaron Ladi". Da Ladi ta rasu aka sako shi a mota zuwa Yerwa, ya riga ya zama saurayi, laƙabin bai canja ba. Ko baƙo ne ya kawo wanki aka ce shi ma sunansa Ya'akubu, sai Malam Inuwa ya raɗa masa wani sunan, ya ce "mai jar dara" ko "dogon nan". Saude kuwa ta fi shi. Ita ko "yaron Ladi" ba ta cewa, sai dai "wancan". Ba ta haɗa ido da shi, in ta zuba masa tuwo sai ta ba ƙanwarsa Rashida ta kai masa zaure.

Kada wani ya ce ba sa son sa. Son da suke masa ya fi na sauran 'ya'yan nauyi, don shi ba shi da ƙofar fita. Da Ya'akubu ya buɗe rumfar gyaran keke a unguwar Wulari, sai hanyar Malam Inuwa ta komawa gida ta ƙara tsawo ba gaira ba dalili. Kullum ta can yake bi, kai a sama kamar mai duban hadari, ya saci kallo ɗaya ya wuce. Kekensa ma ya shiga lalacewa yadda bai taɓa yi ba. Sai ya sassauta birki da hannunsa, ya ba Madu ya kai gyara, in an dawo da shi ya hau ya zaga rumfa yana cewa ashe dai a Wulari akwai masu hannu. Madu ya ce ai ɗanka ne ya gyara. Sai Malam Inuwa ya yi kamar ruwan sabulu ya shiga masa kunne.

Shi yaron bai san wannan duka ba. Abin da ya sani shi ne uban yana kiran sunan Rashida tun daga ƙofar gida, yana ajiye mata alewa a aljihu, shi kuwa in ya durƙusa gaisuwa, bango ake duba a amsa masa. Ya san al'ada ce, wa bai sani ba? Amma wanda ya girma a wani gari, ya zo gidan ubansa da girmansa, yakan zauna wani lokaci ya tambayi kansa inda kunya ta tsaya da inda rashin kula ya fara. Bai taɓa samun wanda zai yi wa tambayar ba.

A shekarar da jirgin ƙasa ya iso Yerwa, rumfar wankin hula ta yi sabon mazauni. Sunansa Manasse, ɗan ƙabilar Babur ne daga wajen Biu, Kirista, ɗalibi a jami'ar Zariya. Bincike ya zo yi a kan sababbin dokokin da aka kafa dab da mulkin kai, yana son ya gane ko talaka ya san abin da suka ba shi, ko kuwa a takarda suka tsaya. Da safe yana kotu yana sauraron shari'a, da rana ya nemi inda maza ke zaman jira ya yi musu tambayoyi. Ba inda ya kai rumfar Malam Inuwa, inda attajiri da lebura suke zama a benci ɗaya, kowa kai ba hula.

Ranar farko Malam Inuwa ya ɗauka ɗan leƙen asiri ne, don haka ya ba shi amsoshin da suka dace da ɗan leƙen asiri: komai lafiya, hukuma ta kyauta, Allah Ya ja zamanin manya. Da ya ga yaron yana dawowa kullum da takalmin nan guda da ya sha faci, yana cin ƙosai da yunwa ta gaske, sai ya gane wannan ba ya cin albashin kowa. Ya saki jiki da shi, ya raɗa masa Malam Tambaya. Yakan ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya yi karatu mai zurfi haka ba, amma komai sai ya tambayi mai wankin hula. Da Manasse ya tambaye shi ko ya san haƙƙinsa, sai ya ce shi haƙƙin da ya sani na iyaye ne da na maƙwabci da na baƙo, bai san akwai wanda mutum yake bin gwamnati ba, in kuwa akwai to a taimaka a karɓo masa nasa kafin ya ƙare. Manasse ya yi dariya, amma bai bar maganar ta wuce ba sai da ya yi masa bayani. Yaro ne mai haƙuri, kuma ya yarda da dokokin nan har zuci, yadda matashi yake yarda da abin da ya sha wuya kafin ya koya.

Abin da ya fi damun sa shi ne beli. Doka ta ce wanda aka kama da ƙaramin laifi yana iya komawa gida ya jira shari'a, muddin wani sananne a garin ya tsaya masa. Amma ga mutane nan suna daɗewa a tsare ba wanda ya zo musu. Shi a ganinsa tsoro ne da rashin sani suke hana dangi zuwa. Malam Inuwa ya ce shi bai ga abin bincike a nan ba, mai hankali ai ba ya kai kansa inda ake kama mutane. Ya faɗi haka ne da sakin fuskar wanda yake ganin abin ba zai taɓa biyowa ta ƙofarsa ba.

Lokacin kuwa zaɓe ya matso, gari ya ɗauki zafi. Ya'akubu ya shiga jam'iyyar adawa, rumfar kekensa ta zama matattarar samari, ana gyaran taya ana gyaran ƙasa da baki. Labari ya iso wa Malam Inuwa, tsoro ya kama shi har abinci ya daina shiga. To amma ta ina zai faɗa? Wata safiya yaron ya zo gaisuwa, sai uban ya juya wajen Saude ya ce a gaya wa yaron Ladi, duk wanda ya sa kansa a siyasa aka kama shi, to ya nemi mai je masa, shi ba ruwansa. Abin da ke ransa shi ne, don Allah ka rufa mini asiri, ba zan iya ganin ka a hannu ba. Amma ba haka ta fito ba, magana kuwa zarar bunu ce. Ya'akubu ya ce ya ji, ya tashi ya fita.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan ai gado ne. Ba a jima ba aka kama shi tare da wasu samari a wajen wata lacca da aka yi ba izini.

Madu ne ya kawo labarin. Malam Inuwa ya bar hular wani a cikin sitati, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi gida. Saude ta riga ta ji. Ta ɗaure kwanon abinci a ƙyalle ta miƙa masa. Ya kama hanyar ofishin 'yan sanda, shi da ya ce mai hankali ba ya zuwa.

Ofishin cike yake da iyaye, da yawansu 'yan Hausari ne da yake sallah sahu ɗaya da su. A bayan kanta akwai wani kofur mai suna Onyema, mutumin Gabas da bai daɗe da zuwa Arewa ba, Hausarsa ta kasuwa ce, ga gajiya ta yi masa yawa. Ba mugu ba ne. Aikinsa ya yi tambaya, ya rubuta abin da aka ce. A bayansa kuma ga ƙofar ƙarfe, ana hango kawunan samarin ta cikinta.

"Baba, wajen wa ka zo?" in ji kofur.

"Yaron Ladi."

"Ba Ladi a nan. Mene ne suna nasa?"

Malam Inuwa ya yi ɗan murmushi, ya dubi dattawan da ke gefensa. "Ai kun san shi. Mai gyaran keken nan."

"Ɗa naka ne?"

To fa. A gaban mutane, yaron kuma yana ji. Bakin ya ba da amsar da ya saba bayarwa shekara da shekaru, tun kafin zuciya ta yi shawara.

"Haba dai. Na Ladi ne."

Kofur ya tambayi inda Ladin take, ya ce ta rasu a Kano. Ya tambayi uban yaron fa, sai Malam Inuwa ya sunkuyar da kai yana gyara ɗaurin kwano. Dattawan wurin duk sun gane, don a kunnensu mutumin ya gama cewa ɗansa ne da babbar murya, kuma ba wanda zai yi rashin ta-ido ya fassara a gabansa, balle kowa ta nasa ɗan yake yi. Onyema kuwa abin da ya ji shi ya rubuta. Ya karɓi kwanon, ya ce Baba ya je gida, ya juya ga mai bin sa a layi. Malam Inuwa ya fito yana ganin ya yi abin da ya kawo shi.

Kafin la'asar an saki sauran samarin ɗaya bayan ɗaya, kowa da ubansa ko kawunsa. Ya'akubu kaɗai aka bari. Washegari kwanon ya dawo yadda aka kai shi, ko ƙyallen ba a kwance ba.

Manasse ne ya gano abin da ya faru, don bincikensa ya sa ya saba da ma'aikatan wurin. Ya zo rumfa ya zauna bai yi tambaya ko ɗaya ba, abin da ya sa Malam Inuwa ya san ba lafiya. Ya ce bayan fitar Malam Inuwa daga ofis an tambayi yaron ko yana da wani a garin, yaron ya ce ba shi da kowa. Yanzu maganar da za a kai gaban majistare ita ce baƙo ne daga Kano, ba uwa ba uba, an turo shi ne ya tayar da fitina, har mutumin da yake kwana a gidansa ya ce ba nasa ba ne. Irin wannan ba a ba da belinsa. Za a ajiye shi a gidan yari har a gama shari'a, daga nan a kore shi daga lardin baki ɗaya.

"Ba shi da kowa?" in ji Malam Inuwa. "Shi ya faɗa da bakinsa?"

Manasse ya ce shi ya faɗa.

Wannan ta fi kamun yi masa ciwo. Ya zauna a kan benci, hannunsa na ɗigar ruwa. Ya tuna maganar da ya yi safiyar nan, ya haɗa ta da wadda ya yi a ofis, ya ji yadda suka shiga kunnen yaron a jere. Ya duba gabas da yamma bai ga wanda zai ɗora wa laifi ba.

Madu ya ce shi zai je ya tsaya, ai garinsu ne, kowa ya san shi. Manasse ya ce zuwansa zai yi amfani, amma ba zai goge abin da mai gidan ya faɗa da bakinsa ba, wanda ya ɗaure shi ke kwancewa. Malam Inuwa ya ce to shi Malam Tambaya ya faɗa a madadinsa mana, tunda baki gare shi, shi kuma ya tsaya a gefe yana gyaɗa kai. Manasse ya ce kotu ba ta rubuta gyaɗa kai. Dole ya miƙe da kansa, ya faɗi sunan wanda ya zo dominsa, ya faɗi abin da ke tsakaninsu.

"Shi majistaren ba shi da ɗan fari ne?"

"Wataƙila yana da shi, Baba. Dokar ce ba ta da shi. Abin da aka faɗa kawai take ji."

"To ai kurma ce."

"Ta wani wajen haka ne," in ji Manasse a hankali. "Amma in ka miƙe ka ce naka ne, ba mai girman da zai hana ta ji."

Madu bai haƙura ba, ya nemi izini ya je ya ga yaron. Ya yi masa faɗa irin na kawu, rabi da Hausa rabi da Barbarci, ya ce shi da ya san halin Afuno yaya zai ɗauki kunya a matsayin ƙi. Ya'akubu ya saurare shi har ya gama. Ya ce ya san kunya, a cikinta aka rene shi, amma bai taɓa jin inda ta hana mutum ciro ɗansa daga rijiya ba. Madu ya dawo da maganar nan a ransa, ya yi ta juya ta, daga ƙarshe ya faɗa wa abokinsa ita yadda take, don ya ga ɓoyewar ba taimako ba ce.

Kwanakin da suka rage kafin zaman kotu, rumfar ta yi tsit, har masu kawo wanki suna tambaya ko Malam ba shi da lafiya. Gwaji yake yi. In ya sunkuya kan ruwan wanki sai ya buɗe baki, sunan ya taho ya tsaya a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Ya fita bayan gari inda ba kowa sai awaki, nan ma ya kasa, har yana waige ko wani ya ga ƙoƙarin. Abin dariya ne ga wanda bai san shi ba. Amma mutumin nan tun yana yaro aka koya masa cewa mutunci ke nan. Ladi ce 'yar farin gidansu, kuma ubansu bai taɓa kiran sunanta ba har ya koma ga Allah. A wurin Malam Inuwa, kiran sunan nan a bainar jama'a daidai yake da tuɓe riga a tsakiyar kasuwa, ga shi kuma an ce in bai tuɓe ba zai rasa ɗan.

A gida ba su yi zancen ba. Saude ta ci gaba da ɗaure kwano kullum, kwanon yana dawowa. Safiyar ranar kotu ta fito masa da farar rigarsa ta salla, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta dube shi ba ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Kotun ta cika, don shari'ar siyasa ba ta rasa 'yan kallo, kuma rabin Hausari na wurin. Madu ya zauna a damarsa, Manasse a baya inda ya saba zama. Aka shigo da Ya'akubu, ya rame, bai dubi wajen jama'a ba. Mai gabatar da ƙara ya faɗi duk abin da Manasse ya ce zai faɗa, tafinta yana juyawa da Hausa. Da aka gama, majistare ya tambaya ko akwai wanda zai tsaya wa wanda ake tuhuma.

Malam Inuwa ya miƙe. Aka tambaye shi sunansa da sana'arsa da unguwarsa, ya amsa tiryan-tiryan. Mai gabatar da ƙara ya ce ai wannan shi ne mutumin da ya ce yaron ba nasa ba ne, Kofur Onyema da ke tsaye a gefe ya tabbatar. Majistare ya cire tabarau, ya ce a tambaye shi wa ya zo tsaya wa, kuma mene ne tsakaninsu.

Ya buɗe baki, ya rufe. Wani dattijo daga baya ya so ya taimaka, ya ce ai ɗan gidansa ne, aka tsawatar masa. Majistare ya ɗauki alƙalami. Sai Malam Inuwa ya ɗaga ido ya dubi yaron sosai, kallon da ba na sata ba. Ya ga ya sunkuyar da kai ya runtse ido, kamar mai jiran bulalar da ya riga ya san za ta sauka. Wannan ne ya kasa jurewa.

"Ya'akubu," ya ce.

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, tafinta ya matso ya ce bai ji ba. Amma ba da tafinta yake ba. Yaron ya ɗago kai.

"Ya'akubu. Ɗana ne, shi na fara haifa. Ni na yanka ragon sunansa, a gidana yake kwana. Abin da na faɗa a ofis kunya ce irin tamu, ba ƙi ba ce. Ban taɓa ƙin sa ba ko na yini ɗaya."

Ba wanda ya yi dariya. Dattawan Hausari duk suka sunkuyar da kai don su rage masa nauyin idanu. Onyema ya dubi tsohon, ya faɗi wata magana da Turanci, tafinta ya juya ta: ya ce shi bai san haka ake yi ba, a garinsu ɗan fari shi uba yake fara faɗa. Majistare ya ba da beli. Ita shari'ar daga baya da gargaɗi ta ƙare, ba wanda ya ƙara tuna ta.

A waje Ya'akubu ya durƙusa gaban uban a kan yashi. Malam Inuwa ya dubi sama, ya dubi Madu, ya ce a gaya wa yaron Ladi ya tashi, mutane na kallo. Amma tafin hannunsa yana tsakiyar kan yaron, kuma bai ɗauke ba har sai da ya miƙe.

Manasse ya raka su zuwa kwanar kasuwa. Daga baya ya ce ya ƙara babi guda a bincikensa, a kan yadda ake yi wa mutane tambaya a ofisoshi, inda ya ba da shawarar kada a rasa wanda ya san al'adar wuri a bayan kanta. Ko an karanta, ko an yi aiki da shi, Allah ne masani. Shi dai Malam Inuwa ya koma kan hulunansa da tsokanarsa har tsufa ya zaunar da shi, kuma ba a sake jin sunan nan a bakinsa ba.

A ranar da aka ba da belin kuwa, labari ya riga su isa gida. Yaron ya yi wanka, ya cinye abin da Rashida ta kai masa, barci ya kwashe shi a zaure. Da la'asar Malam Inuwa ya zauna a bakin ɗaki da butarsa, Saude tana tsakar gida tana tankaɗe.

"An ce ka faɗa," in ji ta.

"Na faɗa."

"A gaban kowa."

"A gaban kowa."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Ya ɗauka tsiya za ta yi masa, ya shirya amsa. Ita ce ta ɗauki cikin yaron nan, ta yi naƙudarsa, ta shayar da shi, ta miƙa wa Ladi ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ba ta taɓa kiran sunan ba, kuma ta san ba za ta taɓa ba. Can sai ta yi magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan rariya.

"Yaya yake a baki?"

Malam Inuwa ya dubi butar.

"Ba shi da nauyi," ya ce. "Ashe ba shi da nauyi ko kaɗan. Daɗi gare shi."

Ta gyaɗa kai. Ya ga leɓɓanta sun motsa, ba sauti, sai ya kau da kai ya bar ta. Sannan ta goge ido da gefen zane ta ƙara gari a rariya, don yau kowa yana gida kuma tuwon sai an ƙara.